Ranar da Ruwan Unguwa Ya Ɓullo a Tsakar Gidan Kaka

Ni mutum ne mai mantuwa, duk unguwarmu an shaide ni. An sha aike na sayen gishiri in dawo da labarin ƙwallo. Amma akwai wata yamma ta damina, can lokacin mulkin soja, wadda ko an wanke min kai da sabulun wanki ba za ta fita ba. Ranar na ga ruwa yana tafiya da baya, da idona, ba labari aka ba ni ba.

Gidanmu yana cikin birnin Zariya, ta wajen Ƙofar Galadima, a wani lungu mai gangara da ke sauka har bakin wani tsohon kududdufi. Lokacin ina saurayi, ni da boko mun rabu ba faɗa tun ina tsakiyar sakandare. Aikina zaman dakali da tsokanar masu wucewa, sai ɗan facin keke in yunwa ta matsa. Mahaifina yana aiki a Kaduna, ya bar ni wurin kakata, wai in riƙa kula da ita. Allah dai ya san wanda yake kula da wani.

Kaka ta tsufa sosai, gwiwoyinta sun ƙi, da sanda take zuwa ko'ina. Ɗakinta na ƙasa ne mai rufin azara, a cikinsa aka kawo ta amarya, a cikinsa ta haifi 'ya'yanta duka. Shekara da shekaru ana cike lungu da ƙasa, lungu yana tashi, sashenta yana nan inda yake, har ya zama in za ka shiga wurinta sai ka gangara kamar mai sauka rafi. Ina ce mata Amarya, tana ce min mijin da ba ya cefane.

Sai Baffa, yayan mahaifina, ɗanta na fari, ma'aikacin sakateriya. Ya rushe nasa sashen ya gina na bulo, ya fitar da falo mai ƙofa a lungu, ya shimfiɗa kafet, ya jera kushin, ga talabijin da ake lulluɓe wa ƙyalle kamar jariri. Mutumin kirki ne, ba na rage masa komai. Ciwonsa ɗaya: bakinsa bai iya cewa a'a ba. In ka roƙe shi hularsa a tsakiyar rana zai cire ya ba ka, ya kuma ba ka haƙuri don ta yi gumi.

Da can ruwan kowane gida ta rariya yake fita, ya bi kwata a fili, kowa yana gani yana tsallakewa. Sai Baffa ya je gidan wani abokinsa a Tudun Jukun ya ga an binne fayif a ƙasa, ba ƙazanta ba sauro. Ya dawo ya kira birkila. Aka haƙa lungu, aka binne babban fayif daga sama zuwa kududdufi, aka jona gidaje biyu na 'yan uwa da ke samanmu. Aka ɗauko ƙaramin fayif daga rariyar tsakar gidan Kaka aka haɗa ta gefe. Inda suka haɗu aka gina wani rami na siminti, zurfinsa ya kai ƙugu, aka ɗora murfi. Mahaɗa muke ce masa. Kuma daidai ƙofar falon Baffa ya faɗo.

Daminar farko abin gwanin sha'awa. Lungunmu ya bushe, har mutane suna zagayowa ta nan don kada su ɓata takalmi. To daga nan aka fara sallama.

Na tuna wani Alhaji mai kanti da ya zo bayan la'asar, ya zauna a kushin ya sha ruwan sanyi, sannan ya ce, "Malam, ashe ci gaba ya shigo lungu ba mu sani ba. Mu ma a ɗan jona mu mana. Ruwan alwala ne kawai."

Baffa ya ce, "Ai ba komai, Alhaji. Maƙwabtaka ta wuce haka."

Bayan shi surukin Baffa ya zo. Bayan suruki, malamin da ya koya masa karatun allo. Bayan malam, wata gwauruwa da ba mai iya kallon idonta ya hana ta. Kowa da ruwan alwalarsa. Ni kuwa ina dakali ina cewa, "Baffa, saura mutanen Kusfa, an ce suna hanya da nasu fayif a kafaɗa." Sai ya yi murmushi ya ce in tashi in nemi aikin yi.

Ruwan alwala ya zama na wanka, na wanka ya zama na wanki da wanke-wanke. Wasu suka karkato da indararonsu ciki. Wasu ma, Allah ya yafe musu, har bayan gida suka jona a ɓoye. Amma fayif ɗin da ke fita daga mahaɗa zuwa kududdufi yana nan yadda yake tun ranar farko, ba wanda ya ƙara masa ko faɗin yatsa. Da wari ya fara damun baƙin Baffa a falo, sai ya sa aka liƙe murfin da siminti ta kowane gefe, ko iska ba ta fita. Duk muka ce ya yi dabara. Har ni.

Sannan ga wata al'ada tamu da ban san wanda ya fara ta ba. Da zarar an fara ruwan sama, kowace mata sai ta tura sharar da ta tara cikin rariya, wai ruwa ya tafi da ita. Ba mai tambayar ina zai kai ta. In dai ta bar ƙofarka, ta tafi.

Ranar da abin ya faru, tun bayan azahar hadari ya haɗu ta gabas, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina zaure ina gyaran wata taya, sai na ji Kaka tana ƙwala min kira.

"Kai, mijin banza, zo ka ji rariyar nan. Magana take yi."

Na ce, "Amarya, ke dai kin rasa abokin hira ne."

Na gangara sashenta ina dariya. Sai na ji. Rariyar tana wani irin gurnani, kamar tsoho yana kuskure baki, tana ja tana saki. Ruwan tsakar gida da ya kamata ya shige ya tsaya cak, yana juyawa a wuri ɗaya. Na sunkuya in leƙa ko wani abu ne ya toshe.

Allah ya taimake ni ban buɗe baki ba. Ruwa ya taso daga cikin ramin ya doke ni a ƙirji, baƙi wuluk, mai sanyi, da ƙarfin da ya zaunar da ni a ƙasa. Ina zaune ina kallo, rariyar da duk rayuwata na san ta da haɗiye ruwa, ga ta tana aman sa sama har tsayin gwiwa. Kuma ba ruwanmu ba ne. Ga ganyen shayi, ga ɓawon rake, ga leda, ga silifa ɗaya na yaro, ga shuɗin bula wanda na san daga gidan Alhaji mai kanti yake, don matarsa kaɗai ke zuba shi haka. Ga kuma abin da ba zan rubuta ba. Duk unguwa ta zo gaishe da Kaka ta ƙarƙashin ƙasa.

Dariyata ta ɗauke. Na tashi na jawo turmi na kifa a kan ramin na hau na zauna. Turmin ya fara rawa a ƙarƙashina, ruwa yana fesowa ta gefe, can sai ya tuntsurar da mu, ni gefe turmi gefe. Na cusa tsumma, ya tofo shi. Na ɗora dutsen niƙa, ya zagaye shi ya ci gaba. Ka tuna sashen nan rami ne, ba inda ruwan zai fita. Kafin in farga ya haura idon sawu, ya taka dokin ƙofar Kaka. Na dubi gindin bangon ɗakin, ya yi baƙi, ƙasar tana saki tana narkewa kamar sukari a koko.

Na shiga na same ta a kan gadonta na ƙarfe, ta naɗe ƙafafu, carbi a hannu.

Na ce, "Kaka, tashi mu fita."

Ta dube ni, don ban cika kiranta Kaka ba. Ta ce, "Ɗakin nan ya ga damina tun ba a haifi ubanka ba. Je ka kwashe ƙazantarku."

"Wannan ba damina ba ce, ta ƙasa yake zuwa."

"Ko ta ina yake zuwa. Ba inda za ni."

Na juya mata baya na sungume ta. Ba ta da nauyi, kamar ka ɗauki dami na kara. Tun daga ɗakin har barandar matar Baffa tana dukan kaina da carbi tana cewa ja'iri, mara kunya, za ta haɗa ni da ubana. Na ce ta haɗa ni da gwamna ma.

Daidai nan Baffa ya shigo daga ofis, ya turo babur ɗinsa da ya mutu a hanya, farar rigarsa ta manne a jiki. Ya tsaya a bakin gangaren yana kallon tafkin da ya zama tsakar gidan uwarsa. Ita kuwa, da yake ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Sai ta juyo gare ni, alhali ga shi tsaye a gabanta.

"Ka gaya wa wancan, in ɗakin nan ya faɗi, a haɗa da ni a binne. Ni ba ni da wani wuri."

Baffa ya juya ya fita lungu, na bi shi. Muka tsaya a kan murfin mahaɗa. Wallahi ƙasa tana kaɗawa a tafin ƙafarmu kamar ka tsaya kusa da injin niƙa. Ta wata 'yar tsaga a gefen simintin wani siririn ruwa yana fita da shewa. A nan na fara gane abin. Ruwan gidajen sama duka ya taru ya cika ramin, ƙofar fita ta yi masa kaɗan, sama an liƙe, to ina zai bi? Ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe, ita ce tamu.

Maƙwabta suna tsaye a bakin zaurukansu suna leƙe. Baffa ya ce da ni, "Samo min guduma. Babba."

Alhaji mai kanti ya taso da lema ya ce, "Malam, me za ka yi? In ka fasa nan, falonka zai shiga kai tsaye. Ka bari a ɗauke ruwa tukuna."

Baffa ya ce, "Na sani, Alhaji."

Na kawo gudumar wani maƙeri. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi biro ba ya tattare riga ya fara dukan murfin. Gudumar tana zamewa, yana sake ɗagawa. Na ce ya ba ni, ya ƙi. Hannunsa ya fashe, bai tsaya ba. Can sai murfin ya tsage, kuma ba mu muka ɗaga shi ba, ruwan ne ya ture ɓallin gefe ya miƙe tsaye kusan tsayin mutum. Alhaji ya saki lema ya ruga. Ruwan ya zube a lungu, rabi ya gangara, rabi ya nufi ƙofar falo kamar an ba shi katin gayyata. Ina kallo ya haye kafet, ya shiga ƙarƙashin kushin. Matar Baffa ta fito da talabijin a ka tana salati. Baffa ko waiwaye bai yi ba.

Da tashin farko ya lafa, na durƙusa na leƙa ramin, kuma abin da na gani har yau in na rufe ido ina ganinsa. Ruwan babban fayif yana shigowa a cike, a guje, ya doki bangon ƙofar fita wadda leda da tsummokara suka rufe rabinta. Wanda ya samu wuri ya wuce. Wanda bai samu ba ya juyo yana murɗawa a tsakiyar ramin kamar ana dama fura, ya zagaya, ya zagaya, sai ya faɗa bakin namu ƙaramin fayif ɗin ya nufi gidan Kaka. Ka taɓa fitowa daga masallacin Juma'a ta ƙaramar ƙofar gefe, daidai lokacin da jama'ar babbar ƙofa suka cika hanya? Kai kana son fita, su suna tura ka, sai ka ga kana komawa ciki da baya ba da son ranka ba. To haka. Namu ruwan bai samu ya saka ƙafa ba ma, balle ya fita, sai na wasu ya biyo shi har gida.

Na ce, "Baffa, ta can na toshe ya ƙi. Bari in toshe ta nan."

Muka cika buhu da tsumma da yashi. Na ce bismillah na faɗa ramin, ruwa har ciki, ina riƙe numfashi saboda wari. Na laluba da ƙafa na sami bakin fayif ɗinmu, na kai buhun. Abin mamaki, ban ma tura sosai ba, ruwan da kansa ya fizge shi ya danna shi ciki ya matse. Abin da ya tuntsurar da ni da turmi a can, shi ya riƙe min buhu a nan. Sannan na sa hannu na yi ta zaro leda daga ƙofar fita ina wurgawa lungu, ina kiran sunan gidan da nake zaton kowace ta fito. Ba wanda ya amsa.

Wajen la'asar sakaliya ruwan sama ya tsagaita. Rariyar Kaka ta yi shiru. Matasan lungu suka shigo da bokitai muka yi layi muka kwashe tsakar gidan, har ƙasa ta bayyana. Ɗakin yana tsaye. Rana ma ta ɗan leƙo. Bakina ya dawo, na fara ba mutane labarin yadda turmi ya kayar da ni, ana dariya. Kowa ya ɗauka an gama.

Sai Kaka ta jawo sandarta da aka fito mata da ita, ta miƙe. Ta ce da ni, "Kama ni in koma. Magariba ta kusa, a ɗakina zan yi."

Na miƙa mata hannu, don ni ban ga komai a ciki ba. Baffa yana zaune a kan bokiti yana ɗaure hannunsa da ƙyalle. Ya ɗaga kai ya dubi gindin bangon nan, ya daɗe yana duba. Sannan ya tashi ya zo ya tsaya a bakin gangaren, ya tare hanya.

Ya ce, "Inna, ba za ki shiga ba."

Mata suka daina matse tabarmi. A gidanmu ba a taɓa jin ɗa ya faɗa wa uwa haka ba, balle wannan ɗan, balle a gaban maƙwabta.

Kaka ba ta dube shi ba. Ta ce da ni, "Ka tambayi wancan, ni yake gaya wa?"

Baffa da kansa ya ce, "Ke nake gaya wa, Inna. Ki yi fushi da ni, ki yi duk abin da za ki yi. Yau ba za ki kwana a ɗakin nan ba, ba za ki yi salla a ciki ba."

Surukinsa ya matso yana cewa, "Haba Malam, a bi ta a hankali mana, uwa ce. Ta shiga ta yi sallar kawai ta fito."

Baffa ya ce, "A'a."

Kaka ta saki hannuna. Ta ce tunda abin ya zama haka, da ƙafarta aka kawo ta gidan nan, da ƙafarta za ta koma ɗakinta, ta ga mai riƙe ta. Ta dogara sanda ta fara takawa, a hankali, har ta zo gab da shi. Shi kuma ya buɗe hannuwa ya cike hanyar, hawaye yana zuba, amma bai matsa ba. Suka tsaya a haka, ita tana kallon ƙirjinsa, shi yana kallon sama.

Ni na ɗauka in ɗaki zai faɗi ƙara yake yi, a ji tsawa, a samu a gudu. Ashe ba haka ba ne. Wani ɗan sauti muka ji kamar an taka busasshen kara. Sai bangon ya lanƙwasa ta ƙasa, ɗakin ya zauna. Zama kawai ya yi, kamar raƙumi ya durƙusa. Azara da ƙasar rufi suka bi shi ciki gaba ɗaya, iska mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bugo mu. Da muka iya dubawa, ƙafar gadon ƙarfe ɗaya ce ta leƙo, ta lanƙwashe kamar cokali. Daidai wurin da take shimfiɗa sallayarta, tudun ƙasa ne ya fi ni tsayi.

Ba wanda ya yi ihu. Ni dai na zauna a cikin caɓi. Hannun da na miƙa mata ɗazu na riƙa kallo.

Kaka ta daɗe tana duban wurin. Ta yi salati a hankali. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kafaɗar Baffa, ta dogara da shi maimakon sandar, ta juya. Ta ce da matarsa, "Ina za ki shimfiɗa min? Lokaci yana wucewa."

Bayan kwana biyu Baffa ya bi gidajen sama ɗaya bayan ɗaya, da kansa, ya ce kowa ya cire fayif ɗinsa har sai an haɗu an sa babba. Wasu suka fahimta. Wasu suka daina amsa gaisuwarsa har damina ta wuce, suna cewa ashe haka yake. Kaka ta yi sauran shekarunta a ɗakin bulo tana ƙorafin zafi kullum, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ranar nan ba.

Yanzu ni ma na girma, ina da gida, ana zuwa ana yi min sallama da 'yan buƙatu ƙanana, kowa yana cewa tasa ba ta da nauyi. Abin da yammar nan ta koya min shi ne, duk "ba komai" da ka faɗa don kunya, akwai inda take taruwa, kuma ba a kanka take fashewa ba. Tana gangarawa ne ta sami wanda ya fi kowa zama a ƙasa, wanda ba a ma tambaye shi ba. Shi ya sa kafin in ce to, nakan tsaya in duba wane ne a ƙasa da ni. In na ga akwai, sai in haɗiye kunyar in ce a'a, a yi fushi da ni kowa yana da rai.